Babi na Bakwai: Kilisar Mai Gyara

Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai takan bi ta Birnin Ƙonni da Madawa, ta ratsa Gidan Rumji, ta gifta ta gefen Maraɗi, sannan ta miƙa gabas zuwa Caduwa da Agye da Gazawa kafin ta shiga Tasawa ta nufi Damagaram. A tsawon wannan tafiya da wuya ka wuce gari ba ka ga rumfar masu gyaran babur ba. Kamanninta ɗaya ne ko'ina: ƙasa ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, tayoyi a rataye a jikin itace, ga kwanon da ake wanke notuna da fetur, ga yara uku ko huɗu sun yi dumu-dumu. In ka samu benci ka zauna na ɗan lokaci, za ka ga wani abu da ake yi sau da yawa a yini har ba mai kula da shi. Maigida ya gama ɗaure kan inji, ya buga ya tashi, ya kasa kunne, sai ya ɗaga kai ya dubi babban yaronsa.

"Kai, ɗauki ka gwado shi. Kar ka wuce tasha."

"To, Maigida."

Yaro zai haye kamar wanda aka yi wa naɗi. Mai babur na zaune yana kallo. Man da ke cikin tanki nasa ne, tayar da kwalta za ta ci tasa ce, amma ba zai ce uffan ba, don ya san gyaran da ba a gwada ba da sauransa. Shi kuwa yaro ya san iyakar da aka yanka masa, ya kuma san yadda ake ɗan ja mata wuya. Tasha takan koma bayan tasha, wani lokaci har a biya ta ƙofar gidan su wance a danna oda. Minti biyar ɗin nan ba su cikin wata yarjejeniya, ba su kuma cikin ɗan abin da ake ba shi na abincin rana. Amma ka tambayi ɗan kabu-kabun da ya tashi a rumfar gyara inda ya koyi tuƙi, nan zai nuna maka.

Can a wata uwa duniya, a ƙananan filayen jiragen sama na Amurka, akwai wata al'ada da in aka ba maigidan nan labarinta zai gyaɗa kai ya ce ai ya san ta.

Jirgi na haya, awa-awa

A wurinmu jirgin sama na gwamnati ne ko na babban kamfani, talaka ba ya kusantarsa sai in Allah ya kira shi Makka. A Amurka akwai filayen jirage kusan 5,000 da kowa ke iya sauka, kuma mafi yawansu jirgin fasinja bai taɓa taka su ba. Titi ɗaya ne, da 'yan rumfuna, da famfon mai, da ɗan ofis. Nan ake samun makarantun koyon tuƙi da ƙungiyoyin masu sha'awar tashi. Jirgin da ya fi yawa a hannunsu shi ne Cessna 172, mai kujeru huɗu da inji ɗaya da farfela a hanci. A 1956 aka fara ƙera shi, an yi fiye da 44,000, ba wani jirgi a duniya da aka ƙera da yawa kamarsa. In ka ce shi ne babur Kasea na sararin samaniya, ba ka yi ƙarya ba.

Hayarsa ake yi kamar yadda yara ke hayar keke a bakin kasuwa. Mai hayar keke agogon hannunsa yake dubawa, shi kuwa jirgi da mitarsa a gaban matuƙi, tana ƙirga lokaci muddin inji na aiki. Farashi iri biyu ne. Akwai wanda suke kira jiƙaƙƙe, wato har da mai, akwai busasshe, wato ka sayi manka da kanka.

Dokar ƙasar ta ce kowane jirgi sai an yi masa binciken ƙwaƙwaf sau ɗaya a shekara, wanda kuma makaranta ke koyar da ɗalibai da shi don kuɗi sai an ƙara duba shi duk bayan awa 100 na tashi. Ba kowa ke sa hannu a takardar wannan bincike ba sai makanike mai lasisi. Samun lasisin gyaran gangar jirgi da injinsa kuwa sai mutum ya yi wata 30 yana aiki a wurin gyara, ko ya gama makarantar da hukuma ta yarda da ita, sannan ya ci jarrabawar rubutu da ta baka da ta aikin hannu. Ke nan makarantar tuƙi ba ta rayuwa sai da makanike. Matsalarta ita ce manyan kamfanonin jirage sun fi ta albashi nesa ba kusa ba, kullum suna zawarcin ƙwararru. Mai 'yan jirage huɗu ko biyar ba zai iya ja da su a fagen kuɗi ba, sai ya duba abin da yake da shi wanda su ba su da shi. Babban kamfani yakan ba ma'aikacinsa kujerar da ta rage babu fasinja, amma ba zai taɓa miƙa masa sitiyari ba. Shi kuwa mai ƙaramar makaranta sai ya ce wa makanikensa: duk lokacin da jirgi ke zaune ba ɗalibi, ɗauki ka tashi, ka biya kuɗin mai da ɗan abin da ba a rasa ba.

Don a gane nauyin wannan tayi, sai a san cewa lasisin farko na tuƙi a can yana bukatar aƙalla awa 40 a sama, lasisin tuƙi don kuɗi awa 250, na jan babban jirgin fasinja kuwa awa 1,500. Abin da ke karya masu wannan buri shi ne kuɗin hayar jirgi, awa bayan awa. Matashin da ya shiga gyara alhali zuciyarsa na ga tuƙi, in aka rage masa wannan kuɗi, an ba shi abin da ƙarin albashi kaɗan ba zai saya masa ba.

Kuɗin zaune da kuɗin tafiya

Wani zai ce mai jirgin nan mutumin kirki ne. Mai yiwuwa haka ne, amma ya kuma iya lissafi. Duk wani abin hawa yana cin kuɗi iri biyu. Akwai kuɗin zaune, wanda za ka biya ko an motsa shi ko ba a motsa ba. A jirgi, wannan ya haɗa da inshora da hayar rumfa da binciken shekara da bashin banki in da shi aka saya. Akwai kuma kuɗin tafiya, wanda sai an tashi yake fita. Cessna 172 yana shan kimanin lita 30 na mai a awa. Injinsa, ƙirar kamfanin Lycoming, an yanka masa kimanin awa 2,000 kafin a sauke shi a sabunta, ke nan kowace awa tana gutsurar kashi ɗaya cikin 2,000 na ransa. Muddin makanike ya biya kuɗin tafiya, ko sisi bai fita daga aljihun mai jirgi ba, don kuɗin zaune da ma yana wuyansa.

Ba nan ribar ta tsaya ba. Injin da ya daɗe a zaune, baƙin mai yakan tsiyaye daga sassansa na sama, raɓa ta taru a ciki, tsatsa ta kama ƙarfe. Masu ƙera injin da kansu suna gargaɗi cewa zama ya fi tashi illa, kuma tayar da shi a ƙasa na 'yan mintuna ba ya magani, sai an tashi sama mai ya yi zafi sosai ya kore danshi.

Hausa tana da kalmar wannan aiki tun da daɗewa. Sunansa kilisa. A Tsibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, inda sarautar Gobir ta sake kafa fada a ƙarni na 19 bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, duk wanda ya tashi kusa da barga ya san dokin da aka bari a turke yana cin dawa ba ya fita, ranar hawa shi zai kunyata mai shi. Ko dai ya yi ƙiba numfashi ya gaza masa, ko ya yi tsaurin kai ya ƙi linzami. Sarki ba zai iya hawan dawakinsa duka ba, attajiri yana kasuwa. Saboda haka da la'asar sai yaran barga, waɗanda suka yanko ciyawa, suka kwashe kashi, suka wanke doki, su ɗaura sirdi su fita da su. Yaron da gidansu ko jaki babu, ga shi bisa ingarma yana ratsa gari. Ba wanda ya taɓa kiran wannan kyauta, ba kuma wanda ya kira shi albashi. Doki ya motsa jini, yaro ya koyi zama a sirdi, mai doki ya samu abin hawa lafiyayye da bara mai son aikinsa. Makaniken Amurka da ke tashi da jirgin maigidansa da yammacin Lahadi, kilisa yake yi.

Shanun gandu a gonar gamana

Manomin Agye ma ya san wannan lissafi, ko da bai taɓa ganin jirgi a ƙasa ba. A tsohon tsarin gidan noma na ƙasar Maraɗi akwai gandu, babbar gonar da ke hannun maigida, wadda kowa ke yi wa aiki a ranakun da aka tsara, daga cikinta ake ci ake biyan haraji. Akwai kuma gamana, ɗan yankin da ake yanka wa matar gida ko saurayi ya noma don kansa a ranakun da ba na gandu ba. Claude Raynaut, Bafaranshen da ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan Maraɗi, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan rabo. A ƙetaren iyaka, Polly Hill ta tarar da irinsa a Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana shi a littafinta na 1972, sai dai a can gayauna ake cewa.

Da garmar shanu da amalanke suka yaɗu, sai sabuwar tambaya ta shigo. Shanun na maigida ne. Amma wa ke tashi da asuba ya ba su dusa da harawa? Wa ke kai su rijiya, ya cire musu kaska, ya lura in ɗaya ya fara ɗingishi? Wa ke yi wa tayar amalanke faci? Ɗa ne, ko ƙane, ko bara. A gidajen da ake zaman lafiya, in an gama huɗar gandu sai a bar shi ya juya shanun zuwa gamanarsa, ya kwashi taki da amalanke ya kai can, ranar kasuwa kuma ya ɗauko wa mutane kaya ya riƙe wani abu daga ciki. A yankin Agye da Caduwa da Gazawa, inda aya ta zama amfanin gona na kuɗi, huɗa a kan kari da abin ɗaukar buhuna ba ƙaramin jari ba ne. Saurayin da ya samu shanun gida kwana ɗaya a daidai lokacin da ƙasa ke da laima, an ba shi abin da in haya zai yi sai ya ci bashi.

Su ma shanun suna da kuɗin zaune. Ko sun yi aiki ko ba su yi ba sai sun ci. Maigida bai yi asarar komai ba, ya kuma ɗaure yaron da igiyar da ta fi faɗa ƙarfi, don wanda ya san gobe sa zai ja garma a gonarsa ba zai bar shi ya kwana da yunwa ba. Makiyaya sun kai wannan hikima matuƙa. Wanda aka ba kiwo shi ke shan nono, kuma a al'adar Fulani ta haɓɓanaye har 'ya'yan da saniyar aro ta haifa nasa ne kafin ya mayar da uwar.

Wanda zai hau abin da ya ɗaure

Akwai riba ta uku, wadda ba ta shiga littafin lissafi amma ta fi sauran tsada. A rundunar sojan Amurka, masu naɗe lemar da sojoji ke dirowa da ita daga jirgi, kafin a yaye su sai kowannensu ya diro da lemar da ya naɗe da hannunsa. Ba wa'azin da zai sa mutum ya kula da kowace igiya kamar wannan. Haka makaniken da ya san ranar Asabar shi zai zauna a bayan farfelar da ya ɗaure ranar Laraba. Ba sai an tsaya a kansa ba.

Bayan tsoron Allah da tsoron rai, akwai kuma sani. Mai babur yakan zo ya ce, "Malam, wani ƙara yake yi mini." Ina? "Ta ƙasa-ƙasa haka." Yaushe? "In na ɗan yi nisa." Mai gyaran da bai iya tuƙi ba sai ya yi ta lalube, ya canja buji, abin da mutanen Jibiya ke kira fulogi, ya wanke kafireta, ya ƙara wa mutum kuɗi, ciwon na nan. Wanda ya iya kuwa sai ya hau, ya ji a tafin hannunsa da ƙugunsa, kafin ya kai kwana ya san sarƙa ce ta saki ko ringi ne ya cinye. Matuƙan jirgi ma haka suke kai ƙara wurin makanike da kalmomi marasa kai, kuma wasu cututtukan inji ba sa nuna kansu a ƙasa sai an hau sama iska ta yi sanyi. Makaniken da ke tashi yana jin yaren ɓangarorin biyu.

Tarihin jirgi a Kano ma da wannan haɗi ya fara. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin sukuwar Kano, bayan sun taso daga Masar a ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham. Kowane jirgi kujeru biyu gare shi, kuma a kujerun baya akwai masu gyara, don ba mai hankalin da zai ratsa Sudan da Cadi a wancan zamani ya bar makanike a gida. Har yau a wurare irin su Galmi, yamma da Madawa, inda asibitin mishan na SIM yake tun 1950 da ɗan filin saukarsa, ƙananan jirage ke sauka inda babu rumfar gyara. Shi ya sa ƙungiyoyin mishan masu jirage suka daɗe suna fifita matuƙin da ke riƙe da lasisin gyara a ɗaya aljihun.

Mutum biyu, ƙofa ɗaya

Sai dai kilisa tana da fuska biyu, kuma labarin mutum biyu ya isa ya nuna su.

Na farko Charlie Taylor, wanda Wilbur da Orville Wright suka ɗauka aiki a shagon kekunansu na garin Dayton a 1901. Da suka rasa kamfanin da zai yi musu inji marar nauyi don jirgin da suke ƙerawa, shi ya ƙera musu cikin kimanin mako shida, mai ƙarfin doki 12. Da wannan inji aka yi tashin farko na jirgi mai fukafukai da inji a duniya ranar 17 ga Disamba 1903, tashin daƙiƙa 12. A ranar Taylor na can Dayton yana tsaron shago. Ya so ya koyi tuƙi, amma iyayen gidansa suka ƙi, don sun san in ya iya tashi sun rasa makanike. Ya rasu a 1956 ba shi da komai. Yau hukumar jiragen saman Amurka tana ba da lambar girma da sunansa ga makaniken da ya cika shekara 50 yana aiki, amma shi bai taɓa riƙe sitiyarin abin da ya ba rai ba.

Na biyu Chuck Yeager, ɗan ƙauye da ya shiga sojan saman Amurka a 1941 yana da shekara 18, a matsayin mai gyaran jirgi. Hawansa na farko gwaji ne: wani hafsa ya ɗauke shi su gwada jirgin da aka gama yi wa aiki, shi kuwa ya yi ta amai. Amma lokacin yaƙi ne, ana neman matuƙa, aka buɗe ƙofa ga ƙananan sojoji, ya shiga. Ranar 14 ga Oktoba 1947 ya zama mutum na farko da ya tuƙa jirgi ya wuce gudun sauti. Sanin inji da ya taho da shi daga rumfar gyara na cikin abin da ya sa aka zaɓe shi.

Dukansu ƙwararru ne. Bambancinsu, ɗaya an buɗe masa ƙofa, ɗaya an rufe don ana tsoron ya fita.

Tashar mota ta san irin waɗannan biyun. Karen mota yakan fara da wanke gilashi da ɗaure kaya da sa waigi a taya. Wata rana direba zai ce masa ya tayar da inji ya ɗumama, wata rana ya gyara tsayuwar mota a tasha, wata rana a dogon daji tsakanin gari da gari, inda ba jandarma, ya ce, "Zo ka riƙe mini in ɗan runtsa." Daga nan sai permi, wato lasisin tuƙi, sai motar kansa. Akwai kuma wanda furfura za ta fito masa yana rataye a bayan mota, don maigidansa ya gane cewa yaron da ya iya tuƙi ba ya daɗewa. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna cewa da yawa daga manyan attajiran garin da barantaka suka fara, har ubangida ya ba su jari suka tsaya da ƙafarsu. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne bara ya ga waɗanda suka riga shi sun fita ta ƙofar gaba.

Zanen aro

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Kilisa aro ce, kuma tana da raunin duk wani aro. Mai ita yana iya janye ta ranar da ya ga dama, ba alƙalin da zai saurare ka. Ba a cefane da ita. Makaniken da aka rage wa albashi da sunan ai ana ba shi jirgi da araha, alhali iyali sun yi masa yawa har ba ya iya sayen mai, an biya shi da abin da ba zai iya ɗauka ba. Yaron rumfa da ya shekara biyar ana lallashinsa da minti biyar na gwaji, ba a taɓa barinsa ya buɗe inji shi kaɗai ba, ba koyo yake yi ba, bauta yake yi.

Sannan ga ranar tsautsayi. A Amurka takardar inshora ke faɗin wanda aka yarda ya tuƙa da abin da zai biya in ya fasa. A bakin kwaltar Gazawa kuwa, in yaro ya zubar da babur ɗin mutane ko ya buge akuya, maigida ne zai tashi ya ba da haƙuri ya gyara daga aljihunsa, in abin ya yi tsanani a tafi gaban mai gari. Wannan ne ya sa ba kowane yaro ake cewa ya gwado ba. Kalmar nan shaida ce ta amana, kuma yaran rumfa sun san ranar da aka fara faɗa wa kowannensu ita.

Kuɗin tafiya ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Shekara da shekaru man Najeriya mai araha, wanda ake jerawa a kwalabe a bakin hanya, shi ya riƙe baburan wannan yanki. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai, farashi ya yi tsalle, bayan wata biyu kuma juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai ya jawo rufe iyaka. Mai babur da a da ba ya ko kallon tanki, sai ga shi yana jijjiga shi kafin gwaji da bayansa. Kilisa tana yalwata ne inda kuɗin tafiya ba shi da nauyi. In ya yi nauyi, ita ake fara yankewa.

A sararin samaniyarmu kuwa ƙofar ba ta ko samu ba tukuna. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, tana yaye matuƙa tana kuma yaye injiniyoyin gyara, amma kowa da layinsa da kuɗin makarantarsa. Makarantar EAMAC ta Yamai tana horar da masu ba jirage hanya da masana yanayi da masu kula da na'urori. Ƙananan jiragen haya da ke zaune a rumfa suna jiran mai motsa su, waɗanda su ne tushen al'adar Amurka, ba su da yawa a wannan yanki. Ɗan Gidan Rumji da ya kai ga gyaran jirgi zai iya yin ritaya bai taɓa ɗaga ɗaya daga ƙasa ba. In wata rana jiragen suka yawaita, ba sai an aiko mana da tsarin daga waje ba, yana nan a barga da gandu da tasha. Abin da za a ƙara masa kawai shi ne a faɗe shi a fili tun ranar ɗaukar aiki: ga albashinka cikakke, ga awannin da za ka hau, ga wanda zai biya in an yi ɓarna, ga kuma lokacin da za a sallame ka ka tsaya da kanka.

A rumfar bakin kwalta, ƙarar babur ta dawo daga wajen tasha. Maigida bai ɗaga kai daga tayar da yake ɗaurewa ba, amma kunnensa na can. Tsofaffin masu gyara suna da hanyar gane yaron da lokacin yayensa ya kusa. Wani in ya dawo, labarin gari zai kawo: wa ya gani, wa ya ɗaga masa hannu. Wani kuwa zai kafe babur, ya tsuguna, ya taɓa inji da bayan hannu.

"Yaya?"

"Maigida, ya tashi lafiya. Amma in na sa ta uku yana ɗan shaƙewa, kuma birkin baya ya yi nisa."

Maigida ya ajiye abin da ke hannunsa, ya dube shi, ya tura masa akwatin sifanu da ƙafa.

"To, me kake jira? Buɗe shi."